Minti 88 ƙararrawa na shiru: nazarin matsalar wani ɗakin kula da wutar lantarki a Ohio

Wurin da tsarinsa

Wannan nazari ne kan yadda ƙararrawar ɗakin kula na wani kamfanin lantarki ta yi shiru ranar 14 ga Agusta 2003, ranar da wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada. A lokacin, kamfanin yana samar da wutar lantarki yana kuma rarraba ta a arewacin jihar Ohio ta Amurka, ɓangaren da biranen Cleveland da Akron suke. Kaso mai yawa na wutar da waɗannan birane ke sha daga nesa yake zuwa, ta kan manyan layuka masu ɗaukar kilobolt 345. A ƙarƙashinsu akwai matsakaitan layuka masu kilobolt 138 da ke shigar da ita cikin gari.

Daga ɗaki guda ake lura da duk wannan. A kowace tashar rarraba wuta akwai na'urar da ke auna nauyin da ke kan layi, da ƙarfin wutar, da ko bireka, wato makunnin da ke katse layi ko haɗa shi, a buɗe take ko a rufe, ta aiko da rahoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Shi ne tsarin da injiniyoyi ke kira Skada. Ma'aunan sun kai dubbai, babu idon da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka aka ɗora manhajar ƙararrawa a kansu. Aikinta ta tace abin da ke shigowa: in bireka ta buɗe, ko wani ma'auni ya ƙetare iyaka, ta yi ƙara, ta kuma rubuta saƙo a allon jami'in da ke bakin aiki. Jami'in kan buɗe shafin wata tasha ne idan ƙararrawa ta kira shi can. In ba ta kira ba, ya ci gaba da abin da yake yi.

Manhajar da ke riƙe da wannan aiki a 2003 ita ce XA/21 ta kamfanin General Electric. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake amfani da ita a wurin, har an riga an yanke shawarar sauya ta da wata. Ƙararrawar tana zaune ne a kan babbar kwamfuta guda, wato saba, a gefenta kuma akwai sabar ko-ta-kwana wadda za ta karɓi aiki nan take idan ta farko ta faɗi. A lokacin ɗakin ba shi da babbar taswirar bango irin wadda ke nuna layukan da suka fita aiki, kamar yadda ake da ita a ɗakunan kula da yawa.

Mutanen da ke hulɗa da tsarin rukuni biyu ne. Akwai jami'an ɗakin kula, masu sarrafa wutar. Akwai ma'aikatan sashen kwamfuta, masu kula da sabobin. Idan saba ta samu matsala, saƙon gaggawa na kai-tsaye wajen 'yan sashen kwamfuta yake zuwa. A saman kamfanin kuma, a wancan lokacin, akwai cibiyar MISO da ke jihar Indiana, mai sa ido kan layukan kamfanoni da dama a yankin.

Alhamis 14 ga Agusta 2003, kafin ƙarfe 2 na rana

Ranar an yi zafi, ma'auni ya kusa digiri 31 a Cleveland, na'urorin sanyaya ɗaki na ta jan wuta. Zafi ne irin na watan Agusta, ba wanda ya fita daga al'ada ba. Wata babbar tashar nukiliya ta kamfanin ta daɗe a rufe ana gyara. Da ƙarfe 1:31 inji na 5 na tashar Eastlake, mai ƙarfin megawat kusan 600, ya fita aiki. Dole aka ƙara jawo wuta daga nesa, nauyi ya ƙaru a kan manyan layuka.

Ita ma cibiyar MISO tana fama da tata. Tana da manhajar da ke haɗa dukan ma'aunai ta ƙiyasta halin da layuka ke ciki duk bayan minti 5. Da ƙarfe 12:15 lissafinta ya ƙi daidaita, saboda wani layi a Indiana ya fita ba ta sani ba. Wani ma'aikaci ya gyara da hannu wajen ƙarfe 1, ya manta bai mayar da ita kan aiki da kanta ba, ya tafi cin abincin rana. Sai wajen 2:40 aka lura. Kafin lokacin wani layin, Stuart zuwa Atlanta, ya fita tun 2:02, kuma ba ya cikin waɗanda MISO ke samun rahotonsu kai-tsaye, lissafi ya sake rikicewa. Ba ta dawo daidai ba sai 4:04.

Ƙarfe 2:14 zuwa 2:40

Da ƙarfe 2:14 manhajar ƙararrawa ta cije a tsakiyar sarrafa wani saƙo. Ba ta mutu ba, ba ta kuma fitar da wata alamar kuskure ba. Sababbin saƙonni suka ci gaba da zuwa suna jeruwa a bayanta ba mai karɓa. Sauran tsarin lafiya lau yake: ma'aunai na shigowa daidai, ana iya buɗe bireka ko rufe ta daga ɗakin, har rahoton da ake tura wa MISO da kamfanonin maƙwabta bai tsaya ba. Abin da ya ɓace kawai shi ne ƙarar da kuma sabon saƙo a allo. Allon ƙararrawa ya tsaya a kan saƙon ƙarshe, kuma haka yake zama a duk ranar da babu abin da ya faru.

Daga 2:20 wasu allunan da ke tashoshin nesa suka fara tsayawa, saboda bayanan da ke jiran layi sun cika ma'ajiyarsu. Saƙon gaggawa ya isa wajen 'yan sashen kwamfuta, suka ɗauke shi a matsayin matsalar waɗancan allunan.

Da 2:27 layin Star zuwa South Canton, mai kilobolt 345, ya katse ya sake haɗuwa da kansa. Layin na haɗin gwiwa ne da wani kamfanin maƙwabta, su kuwa ƙararrawarsu ta yi ƙara. Da 2:32 suka bugo waya suna tambaya. Jami'in ɗakin ya duba allonsa, bai ga komai ba, ya shaida masu cewa a wajensa babu wata matsala. Da suka sake bugowa daga baya suna tabbatar da cewa layin ya katse da gaske, amsar ba ta canza ba.

Ƙarfe 2:41 zuwa 3:08: gwaji biyu na farko

Gwajin gyara na farko tsarin ne ya yi shi da kansa. Da 2:41 sabar farko ta faɗi, aiki ya koma kan sabar ko-ta-kwana kamar yadda aka tsara. Sai dai an kwashe mata komai yadda yake, har da manhajar ƙararrawar da ta cije da tulin saƙonnin da ke bayanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Minti 13 ta yi, da 2:54 ita ma ta faɗi.

Da sabobi biyu a ƙasa, sauran sabobin tsarin suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Shafin da kan buɗe cikin daƙiƙa 1 zuwa 3 ya koma yana cin har daƙiƙa 59. Tsarin da ke daidaita yawan wutar da injuna ke fitarwa ya tsaya, layukan zanen da ke nuna hawa da saukar nauyi suka miƙe sambal.

Gwaji na biyu na 'yan sashen kwamfuta ne. Saƙon gaggawa ya same su a faɗuwar farko da ta biyu. Suka zaɓi tayar da sabar farko ta hanya mai sauƙi, wadda ake sake kunna manhajojin saba guda ba tare da an kashe dukan tsarin ba. Da 3:08 ta tashi. Binciken da take yi wa kanta ya nuna duk manhajojin da ya kamata su tashi sun tashi, alluna suka dawo da saurinsu. Ma'aikatan suka ɗauka an gama. Ba su tambayi ɗakin kula ko ƙararrawa na shigowa ba, ba su kuma sanar da jami'an cewa sabobi biyu sun faɗi ba. Ƙararrawar na nan a cije.

Ƙarfe 3:05 zuwa 4:13

Ana tsakiyar wancan gyara, da 3:05, layin Harding zuwa Chamberlin ya taɓa bishiya ya fita. Waya idan ta ɗauki nauyi takan yi zafi, ƙarfen ya miƙe, ta yi lanƙwasa ƙasa, ballantana ranar da iska ta kwanta babu mai sanyaya ta. Amma wannan layi kashi 44 cikin 100 na abin da aka ƙayyade masa kawai yake ɗauke da shi. Bishiyar ce aka bari ta yi tsayi fiye da kima. Ɗakin kula bai ji komai ba.

Nauyinsa ya koma kan 'yan uwansa. Da 3:32 layin Hanna zuwa Juniper, yana ɗauke da kashi 88, ya sauko kan wata bishiyar. Masu saran rassa na aiki a kusa, da idonsu suka ga abin. Da 3:41 layin Star zuwa South Canton, wanda aka bugo waya a kansa tun 2:32, ya fita gaba ɗaya. Wutar ta nemi hanya ta kan layukan kilobolt 138, waɗanda ba a gina su don irin wannan kaya ba, suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya har 16.

A wannan tsakani wayoyin ɗakin ba su huta ba. Kamfanin maƙwabta ya kira, MISO ta kira, manyan masu sayen wuta sun kira. Ma'aikacin tashar nukiliya ta Perry ya bugo fiye da sau ɗaya yana cewa ƙarfin wuta na tangal-tangal a wajensu, in aka ci gaba a haka injinsu zai fita. Kowane kira na nuni da abu ɗaya, allo kuma na nuna akasinsa.

Da 3:42, minti 88 bayan cijewar, wani jami'in ɗakin ya gaya wa sashen kwamfuta cewa ƙararrawa ba ta shigowa. A nan ne rukunin biyu suka fara magana kan matsala guda. Aka kawo shawarar kashe dukan tsarin ɗungurungum a tayar da shi daga tushe. Jami'an ɗakin suka ƙi, domin aikin kan ɗauki minti 20 ko fiye, kuma a tsawon lokacin ba za su ga komai ba, ba za su iya taɓa bireka ko ɗaya ba, ga layuka na zubewa. Aka sake gwada tayarwa mai sauƙi tsakanin 3:46 da 3:59. Ba ta yi magani ba. Wajen wannan lokaci wani jami'in ya faɗa wa MISO a waya cewa ba su san abin da ke faruwa ba, kwamfutarsu ma na ba su wahala.

Da 4:05 da daƙiƙa 57 layin Sammis zuwa Star ya fita. Wannan karon ba bishiya ba ce. Na'urar kariyarsa ce ta ga nauyi ya yi yawa ƙarfin wuta ya yi ƙasa, ta ɗauka gajeren haɗi ne, wato waya ta taɓa wata waya ko ƙasa, ta katse shi. Daga nan abin ya fi ƙarfin hannun mutum. Cikin kusan minti 7 rugujewar ta ratsa Michigan da Ontario da New York. Zuwa 4:13 injuna fiye da 500 a tashoshi 265 sun tsaya, megawat 61,800 sun ɓace, mutane kusan miliyan 50 a jihohi 8 na Amurka da lardin Ontario na Kanada suna cikin duhu. Wasu wuraren sai bayan kwana 4 wuta ta dawo, a Ontario kuma an yi fiye da mako ana rabon ta bi-da-bi.

Daren ranar da makonnin farko

A daren ne, cikin tattaunawa da injiniyoyin General Electric, aka tabbatar cewa babu abin da zai saki ƙararrawar sai kashe komai a tayar daga tushe. Irin wannan tayarwa tana share duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ta sabobin, har da gurɓataccen bayanin da manhajar ta maƙale a kai. Tayarwa mai sauƙi ba ta kai can ba. Hanyar sakin ƙararrawa ta samu ke nan, amma dalilin cijewarta ba wanda ya sani.

Zarge-zarge kuwa sun yi yawa. A sa'o'in farko wasu jami'an Kanada sun ce tsawa ce ta faɗa kan wata tasha a Niagara, wasu a Amurka suka ce daga Kanada abin ya taso. An kuma zargi ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster, wadda ta ɓulla ranar 11 ga Agusta, kwana 3 kacal kafin nan. Zargin na da makama, domin a Janairun shekarar wata ƙwayar, Slammer, ta shiga kwamfutocin tashar nukiliyar nan da ke rufe. Gwamnatocin ƙasashen biyu suka kafa kwamitin bincike na haɗin gwiwa. Ya bi rajistar kwamfutoci da faifan wayoyi, ya daidaita agogunan na'urori daban-daban don jera abubuwa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Bai samu shaidar hari ko ƙwayar cuta ba. Rahoton wucin gadi ya fito a Nuwamba 2003.

Mako 8 a ɗakin gwaji

Neman asalin lahanin ya faɗa kan ƙaramin rukunin injiniyoyin General Electric, tare da wasu ƙwararru daga waje. Manhajar XA/21 tana da layukan umarni kusan miliyan 4, ɓangaren ƙararrawa kaɗai kusan miliyan 1, an rubuta su da harsunan C da C++. A hannun kamfanoni daban-daban ta yi aiki na sa'o'i fiye da miliyan 3 ba a taɓa ganin irin wannan ba.

Sun fara da abin da kowa zai fara da shi: karanta umarnin, da ciyar da tsarin gwaji irin saƙonnin da suka shigo ranar. Bai cije ba. Lahanin ba ya amsa kira. Wannan taurin kai shi kansa ya zama alama, domin kuskuren da ke cikin lissafi yakan maimaita kansa duk lokacin da aka ba shi bayani iri ɗaya. Wanda ya ƙi maimaituwa, sau da yawa da lokaci yake da alaƙa, wato wane ɓangare ya riga wane.

Sai suka sauya dabara. Suka rage wa tsarin gudu da gangan, suka cusa ɗan jinkiri a wurare daban-daban cikin umarnin, suna ta antaya masa saƙonnin ƙararrawa. Manufar ita ce tazarar da a zahiri ba ta wuce 'yan ɓurɓushin daƙiƙa ba ta buɗe har a iya faɗawa cikinta da niyya. Bayan kusan mako 8 tsarin gwajin ya cije irin cijewar 14 ga Agusta.

Abin da suka gano rige-rige ne. A ɗauka kanti ne mai yaran shago biyu da littafin ciniki ɗaya. Dokar maigida ita ce ba mai rubutu sai wanda biro ke hannunsa, biron kuma ɗaya ne. Shekara da shekaru ba a samu saɓani ba. Wata rana ciniki ya yi zafi, su biyun suka kai hannu a ƙiftawar ido ɗaya, kowa ya ɗauka shi ya riƙe, suka rubuta a kan layi guda. Mai haɗa lissafi ya zo kan layin, ya kasa karantawa, ya koma baya, ya sake zuwa kansa, ya sake komawa, masu kawo rasit na ta taruwa a ƙofa. Haka ɓangarori biyu na manhajar suka samu izinin rubutu a ma'ajiyar bayani ɗaya a lokaci ɗaya saboda kuskure a umarnin ɗayansu. Bayanin ya gurɓace, manhajar ƙararrawa ta shiga zagayen da ba shi da mafita.

Daga nan sauran abubuwan suka bayyana da kansu. Saƙonnin da suka taru su suka cika ma'ajiya har allunan nesa suka tsaya, su suka durƙusar da sabar farko, su kuma aka kwashe wa ta biyu. Kamfanin General Electric ya rubuta gyara ya raba wa masu amfani da manhajar fiye da 100 a duniya. Rahoton ƙarshe na kwamitin ya fito a Afrilu 2004 da shawarwari 46. Ya ƙiyasta asarar Amurka tsakanin dala biliyan 4 zuwa 10. Dokar makamashi ta 2005 ta buɗe hanyar mayar da ƙa'idojin kula da layuka wajibi, suka fara aiki tare da cin tara a Yuni 2007.

Hukunci

A ganina, lahanin manhajar shi ya fi wuyar ganowa, kuma shi ya fi ƙarancin laifi. Kuskuren da ya ɓuya sa'o'i miliyan 3, wanda sai da ƙwararru suka yi wata biyu suna yi masa tarko, ba abin da za a ce wani ya kama shi da rana tsaka ba ne. Kwamitin ma bai tsaya a kansa ba. Ya ɗora nauyi kan rashin sanin raunin layukan yankin, da rashin gane halin da ake ciki, da bishiyoyin da ba a sare ba, da gazawar masu sa ido na sama.

Gwaje-gwajen da aka yi kowanne na da hujja, sai dai kowanne ya amsa tambayar da ba ita ke gabansu ba. Sabar ko-ta-kwana maganin mutuwar ƙarfe ce. Idan cutar a cikin bayani take, kwafar komai yadda yake kwafar cutar ce. Tayarwar 3:08 kuma an auna nasararta da jerin manhajojin da suka tashi, alhali manhajar da ke zagaye wuri ɗaya ita ma a tashe take. Ma'aunin da ya dace yana ɗaya ɗakin: a haddasa ƙararrawar gwaji, a tambayi jami'i ko ya ji. Tsarin kansa ba a yi masa mai gadin da zai ce ƙararrawa ta daɗe ba ta motsa ba, don haka shirun lafiya da shirun lalacewa kamarsu ɗaya.

Ƙin kashe komai da 3:42 ban ga laifinsa ba. Manyan layuka uku sun riga sun tafi, rufe ido na minti 20 a lokacin kasada ce babba. Abin da ya rage a sa'ar shi ne yanke wa wasu unguwanni wuta da gangan, kuma kwamitin ya lissafa cewa sauke megawat kusan 1,500 a yankin Cleveland da Akron kafin 4:05 zai iya tsayar da rugujewar. Amma ba mai yanke wa birni wuta bisa abin da allonsa bai nuna masa ba. Damar gaske ta wuce tun 2:32, lokacin da maƙwabci ya ce layi ya katse allo ya ce bai katse ba, aka gaskata allo ba tare da an buɗe shafin tashar an duba ba. Ta sake wucewa da 2:41 da 2:54. Da jami'an sun ji cewa sabar ƙararrawa ta faɗi, suna iya raba shafukan manyan layuka a tsakaninsu su riƙa dubawa da ido, su roƙi MISO da maƙwabta su zame masu kunne, su kuma saurari kowace waya da wata fahimta daban. Rahoton buɗewar birekar Harding zuwa Chamberlin ya iso ɗakin tun 3:05, yana zaune a shafinsa, minti 27 kafin layi na biyu ya sauko kan bishiya.